Ranar da Baba Almu Ya Shiga Silima

Rannan na ji ki, Zainabu, kina gaya wa ƙawarki cewa kakarku 'yar kasuwa ce a Tawa. Na yi shiru don kada in kunyata ki gaban baƙuwa, amma maganar ta tsaya mini a rai kwana uku. Wace kasuwa? Uwata Tsahara ƙosai take soyawa a ƙofar silima, shekara goma sha ɗaya cur. Da wannan ƙosan aka saya mini alli da littafi, da shi aka yi wa kawunku Isufu kaciya, da shi na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, har kuka samu bakin yin faransanci kuna gyara mini asali. To ki zauna, ke da ƙannenki, ku ji yadda abin yake tun ina da sauran hankalina.

Ubana Mamman tela ne, mutumin Takanamat. Ya rasu ina da shekara takwas, Isufu yana goye. Da Inna ta fita takaba, kowa ya zuba ido ya ga ta ɗaure kaya ta koma ƙauye da mu. Ba ta ce za ta koma ba, ba ta ce ba za ta koma ba. Sai ta sayar da keken ɗinkin, ta sayi kasko da matsami da wake tiya biyu, ta je ta kafa murhu jikin bangon silima, dama da ƙofa, inda iska ba ta kashe wuta.

Ku da kuke kallo cikin tafin hannu ba za ku gane ba. Silimar nan ba ta da rufi. Bango huɗu ne dogaye, na gaba an shafe shi da farar ƙasa, a kansa ake nuna mutanen. Masu hali suna zama can baya a kan kujeru, ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, mu kuwa benci ne namu, gab da bangon, har wuya ya yi ciwo. In aka kunna inji, haske ya ratsa ta saman kanmu, jemagu su yi ta giftawa cikinsa, in ka ɗaga kai ga taurari. Fim daga Yamai yake zuwa cikin kamiyo, babbar motar kaya, a gwangwanaye masu faɗi, kuma wani lokaci mai inji ya rikita su. Sai ka ga mutum ya mutu an yi kukansa, can anjima ga shi ana ɗaura masa aure. Wayyo, ranar mai inji ya sha zagi har kakansa na bakwai! Akwai ranar kaboyi, akwai ta 'yan karate, akwai ta Indiya, wadda mata ke zuwa a lulluɓe su koma da idanu jajur. Ni duk ina so. Wallahi har yau ban taɓa son wani wuri kamar yadda na so bencin nan ba.

Masu ƙosai huɗu ne a ƙofar, amma na Inna ake layi a kai, kuma ga dalili. A tsakiyar fim ana hutu, ana ce masa antarak. Mutane su fito gaba ɗaya da yunwa, minti goma su koma. Wadda ta soya da wuri, nata ya huce ya yi tauri. Wadda ta makara, a koma a bar ta da ƙullu cikin mai. Inna sai ta yi dabara. Duk daren da aka sa sabon fim, Dogo mai ƙofa yakan bar ni in shiga, in zauna in lura da abin da ke faruwa gab da hutu, in zo in faɗa mata: bayan waƙa ta uku ne, ko kuwa in kin ji jirgin ƙasa ya yi kuka sau biyu an fara harbi. Sauran dararen ba ta buƙatar kowa. Tana zaune ta ba bango baya, kunnenta na ciki, da ta ji alamar sai ta iza wuta ta fara saka ƙullu. Ƙofa na buɗewa, ƙosai na fitowa daga mai. Matar nan ta san finafinai sun fi ɗari da kunne, ba ta taɓa ganin ko ɗaya da ido ba. Ni kuwa, gaskiya in faɗa muku, ba daren farko kaɗai nake shiga ba. Da na ga Dogo ya juya kai, na shige.

Shekarar da nake aji biyar, wani yaron mota ya kai labari Takanamat, wai ya ga ɗiyar marigayi Mamman tsaye kan benci tana bin waƙar Indiya. Bai yi ƙarya ba. Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, muka ji sallama da hantsi, sai ga Baba Almu, wan ubana. Makiyayi ne, dogo, busasshe, rawaninsa ya sha rana, sandarsa ba ta barin hannunsa ko a masallaci. Mutum ne da ba ya maimaita magana. Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama fura, ya sha, ya goge baki, sannan ya ce:

"Tsahara, ban zo da hwaɗa ba. Ɗiyan ƙanena nika so. An ce mani Ramatu na kwana cikin silima, wanga zance ya hana ni barci. Gobe in mota ta tashi, da su za ni tahi."

Ina bayan ƙofa da Isufu, ina jin komai. Na san abin da tafiyar take nufi. Ba lakwal, ba Tawa, ba Inna sai sallah zuwa sallah. Kuma yana da iko, duk garin ba wanda zai ce ya yi zalunci, 'ya'yan ƙanensa ne. Ga wani abu kuma: ni 'yar fari ce. Uwata ba ta kiran sunana, ba ta yabona gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce wa wan mijinta tana son ɗiyarta kusa da ita. Kunya ta ɗaure mata harshe a ranar da na fi buƙatarsa. Ta dubi ƙwaryar furar, ta ce:

"Yaya, ɗiyanka na, ba ni da ta cewa. Amma kai ka gani da idonka, ko hwaɗa maka anka yi?"

"Hwaɗa mani anka yi."

"Ka taɓa sayen saniya bisa hwaɗar yaron mota?"

Baba Almu ya ɗago ya dube ta. Ita ba ta ɗago ba.

"Ka shiga da ita yau," in ji Inna. "Ka zamna inda taka zamnawa, ka ga abin da taka gani. In ka hito ka ce su tahi, ni da hannuna za ni ɗaure masu kaya."

Na zaci ya yi fushi. Can ya ce to, an yi haka.

Bayan isha'i muka tafi, yana gaba ina biye. Dogo ya ga dattijo da rawani, ya matsa gefe ya ce Baba shiga, amma Baba Almu ya ƙi, ya ce ba ya shiga gidan mutane a alfarma, ya yanki tike nasa da nawa. Fim ɗin kaboyi ne, darensa na uku. Muka zauna kan bencina, ya kafa sanda tsakanin gwiwoyinsa, ya ciro carbi, ya sunkuyar da kai. A daren nan na fara ganin silima da idon wani. Ashe haka hayaƙin taba yake da yawa? Ashe haka samari suke ashar? Ni da nake zuwa kullum ban taɓa ji ba. Ana fara fim, aka nuno wata Baturiya a gidan shaye-shaye da kafaɗu waje, samari suka ɗauki fito kamar za su tsaga wurin. Baba Almu ya ce a'uzu billahi, ya ƙara sunkuyawa. Na ce a raina shi ke nan, Ramatu, gobe war haka kina tatsar akuya.

Sai shanu suka fito. Garke guda, ya cika bangon daga wannan gefe zuwa wancan, suna kuka. Kukan ne ya ɗago masa kai. Carbin ya tsaya. Na ji yana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba.

"Waɗanga sun samu ciyawa. Amma wane marar imani ka korar saniya mai ciki da gudu haka?"

Daga nan bai sake sunkuyawa ba. Ya bi shanun nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce waccan ta kusa haihuwa, wancan bijimin ya tsufa. Har na fara samun numfashi. Sai ɓarayi suka kora garken, jarumin ya ɗare jan dokinsa ya bi su, ya tsallake wani rami, ya diro. Mutane suka ɗauki tafi. Kafin in ankara, Baba Almu ya miƙe tsaye, inuwar rawaninsa ta hau bangon, ya nuna da sanda, ya ɗaga muryar nan tasa ta kiran shanu daga nesa.

"Kai! Ƙarya ta! Wanga ba dokin ɗazu ba na! Ya hau ingarma ya sabka bisa goɗiya!"

Sai dariya ta fashe a wurin. Ban taɓa jin irinta ba. Mutum ɗari uku ko fi, har na kan kujeru. Wani ya ce a zaunar da tsoho, wani ya ce a ba shi igiya ya shiga ya kamo dokin. Wani saurayi a bayanmu, Lawali, ɗan gidan mai gyaran rediyo, ya kwaikwayi muryarsa, ya ce, "Baƙauye, an bar shanu da wa?" Ya jefo ɓawon gyaɗa ya sauka kan rawanin.

Baba Almu bai zauna ba, bai juya ba. Mutumin da ake tashi tsaye in ya iso rijiya, yau yara na jifansa da ɓawo, kuma a wurin da uwata ta aiko shi. Na san in ya fita da wannan kunyar ko asuba ba zai jira ba. Amma ba wannan ne ya tayar da ni ba, kada in yi wa kaina ado. Daga ƙasa inda nake zaune, ƙeyarsa da kunnuwansa sak na ubana ne. Ji na yi kamar Mamman tela ake wa dariya, zuciyata ta tafasa. Ni ban lura da wani doki ba, sau biyu na ga fim ɗin, jan doki dai jan doki ne a wurina. Abin da na sani shi ne nan gaba kaɗan jarumin zai tsaya a gulbi ya shayar da shi, kuma ana nuno shi kusa. Na haye kan benci, bencin nan dai da ya jawo mini magana, na juya na fuskanci mutane.

"Ubana na, kuma bai san ƙarya ba! Ku jira wurin gulbi ku gani! Baba, mi za su duba?"

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce, "Na hwarin yana da hwari ga ƙahwar baya ta hagu. Wagga ba ta da shi."

Na maimaita da ƙarfi, har na baya suka ji. Aka yi ta ihu a zauna, muka zauna. Ya Rabbi, tsawon mintocin nan! Ina ta addu'a cikin raina, don in dokin ya fito da farin ƙafa, ni da Baba Almu mun gama yawo a Tawa. Ba wanda ke sauraron harbi kuma, kowa ƙafar doki yake jira. Aka iso gulbi. Jarumin ya sauka, dabbar ta juya ta ba mu baya ta sa baki a ruwa. Ƙafafu huɗu jajaye, babu ɗigon fari. Wani Buzu da ke zaune can gefe da baƙin rawani ya buga cinyarsa ya ce wallahi goɗiya ce, tsoho ya yi gaskiya. Ba a rufe baki ba aka nuno jarumin ya iso gari, sai ga farin ƙafa ya dawo. Wurin ya kece. Wannan karon tafi ne, da "Sai Baba!", har mai inji ya leƙo ta 'yar tagarsa yana tambaya ko gobara ce. Baba Almu bai ko murmusa ba. Ya sunkuyo ya ce mini:

"Ƙaƙa kinka san da gulbi?"

"Na gani, Baba."

"Sau nawa?"

"Wanga na ukku."

Ya ce hm. Na so in ce sau ɗaya, Allah Ya sani, bakina ne ya ƙi.

Da aka yi antarak muka fito, ga Inna tana tsamo ƙosai, tururi na tashi, mayafinta har goshi, Isufu na barci a tabarma bayanta. Mutane suka kewaye Baba Almu, wannan ya ce zai kawo masa dokinsa ya duba, wancan ya saya masa ƙosai. Shi kuwa Inna yake kallo. Ya ga yadda 'yan iskan gari da 'yan tasha, waɗanda suka gama ashar a ciki, suke layi gabanta kamar 'yan makarantar allo, kowa Inna, Inna. Labari ya riga ya iso mata, Dogo ya faɗa. Da layi ya zo kan Lawali, ta janye matsami.

"Ba ni saida ma wanda ya jehi ubanai. Tahi ka durƙusa ka ba shi haƙuri, kanan ka zo."

Ƙato da gemunsa, ya je ya durƙusa a ƙasa gaban kowa. Baba Almu ya ce masa ya tashi, komai ya wuce. Shi kuwa Baba Almu bai koma ciki ba. Ya zauna kan dutse nesa kaɗan da murhun, har aka tashi, ya ɗaukar wa Inna kasko zuwa gida. Bai faɗi shawarar da ya yanke ba, mu ma ba mu tambaya ba. Inna ta fito da zannuwana biyu da rigunan Isufu ta ninke, ta ajiye bakin gado. Ta yi alkawari, kuma ita ba ta wasa da alkawari.

Da safe bayan ya karya, ya sa aka kira ni. Na durƙusa. Inna na gefe tana tsince wake, tana ta zuba tsakuwa cikin wake mai kyau ba ta sani ba.

"Tsahara, na gani," in ji shi. "Ke ba ki da aibi. Inda kike zamne ya hi gidan wasu tsabta. Ɗiyar ga kuma kin yi mata tarbiyya, ba ta ƙarya, ba ta gudun danginta. Amma cikin wurin can ba wurin ɗiya mace ba na, kunnena ya ji abin da ya ji." Ya juyo gare ni. "Ramatu, ba uwarki za ni tambaya ba, ke za ni tambaya. In kin ba ni alkawali ba ki ƙara shiga har ki ƙare karatunki, in bar ku. In ba ki iyawa, hwaɗa mani yanzu, mota na jira."

Kuna tsammanin abu ne mai sauƙi? A satin nan aka manna hoton wani sabon fim ɗin Indiya a ƙofa, wata uku ina jiransa. Kuma ba ni kaɗai zan yi asara ba, duk sabon fim Inna za ta soya cikin duhu, ba mai faɗa mata alama. Na dube ta. Ba ta ɗago ba, ta ce wa waken:

"Kunnena bai mutu ba."

Na ce, "Na yi alkawali, Baba."

Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya shafa kan Isufu, ya tafi tasha shi kaɗai. Inna ta kwashe kayan nan daga bakin gado ta mayar cikin kwalla, ta ce mini in tashi in tafi lakwal na makara.

Mun biya, ba zan ɓoye muku ba. Watannin farko, duk daren sabon fim sai Inna ta yi kuskure, wani lokaci ƙosai ya huce, wani lokaci a koma a bar ta da shi, mu ci shi da safe da rana. Sauran matan suka samu abin dariya. A hankali ta koyi jin ƙarar injin kansa, yadda yake canza murya in gwangwani ya kusa ƙarewa, ta dawo ta fi da. Ni kuwa shekara tara ina zaune jikin bangon nan ina naɗe ƙosai a takarda, ina jin ana dariya da kuka a ciki. Dogo ya sha ce mini shiga, wa zai faɗa? Ranar Indiyan nan na yi kuka har Inna ta ce hayaƙi ne, in matsa. Ko leƙe ban yi ba. Lokacin da na gama karatu, bidiyo ya shigo gari, an rufe silima, wani ɗan kasuwa yana zuba buhunan albasa a ciki.

Da aka ba ni aikin farko a Tebaram, na biya ta Takanamat in gaishe shi. Ya tsufa, ido ya tafi, yana kwance a rumfa. Na durƙusa na faɗi sunana, na ce na gama, an ba ni aji. Ya laluba ya kama hannuna. Na ce, "Baba, ba ka tambaye ni ba ko na shiga."

"Mi za ni tambaya?" in ji shi. "Da kin shiga, da ke da kanki kin hau mota kin zo kin hwaɗa mani."